Arzika da Motar da Ba Ta San Manya Ba

Arzika mutumin Maraɗi ne, kuma tun tasowarsa bai san wata sana'a ba sai ta sitiyari. Ya fara da motar kasuwa tsakanin Maraɗi da Jibiya, ya goge har ya zama ko hira ake aka ambaci kwana sai ka ga kafaɗarsa ta karkata. Wanda ya yi masa hanyar Dubai shi ne Alhaji Ɗalhatu, aminin mahaifinsa, dattijo mai ɗakin tura kaya a unguwar Al Sabkha. Shi ya ajiye shi a bayan shago tsakanin kwalayen takalma, ya ci da shi, har ya samu lasisin nan. Lasisin ma sai da ya sha faɗuwa kafin ya samu, don masu jarrabawar ba su yarda mutum ya tuƙa da hannu ɗaya yana gaisuwa da ɗayan ba.

Ya daɗe yana tuƙa tasi, kuma duk Bahaushen da ke shiga da fita a yankin kasuwar Deira ya san halinsa guda: Arzika ba ya wuce na gida a tsaye. In ya hango babbar riga ko lafaya a bakin titi, birki ne. In babba ne kuwa, ko mita tana gudu, shi zai cike daga aljihunsa. Abokan aikinsa 'yan Pakistan suna cewa ba shi da wayo, shi kuma yana mamakin irin tarbiyyar da aka yi musu.

Buri ɗaya gare shi a duniya, ya ɗauko matarsa Safiatou ta zo su zauna tare. Dokar ƙasar kuwa ba ta barin mutum ya kawo iyali sai albashinsa ya kai wani mataki, na Arzika kuma kullum yana leƙen matakin daga ƙasa. Aurensu ya koma na waya. Ita tana can tana ɗinki, shi yana nan a wani ɗaki a Al Karama da ya raba da Shu'aibu, wani ɗan Zariya mai aikin ofis a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali.

Ana haka wani kamfani ya shigo da motocin haya masu tuƙa kansu, yana neman ƙwararrun direbobi. Arzika ya karanta tallar ya sake karantawa. Mota mai tuƙa kanta, kuma ana neman direba? Ya ce ko dai ba su gama yarda da ita ba, ko kuma Turancin ne ya fi ƙarfinsa. Ya je, aka duba tarihinsa, aka ga bai taɓa ko gogar wani ba, aka ɗauke shi.

Aikin da aka ba shi, wallahi ko ni da nake ba da labari sai da na nemi a maimaita mini. Zai zauna a kujerar direba, idonsa a kan titi, hannayensa a kan cinya. Motar za ta tafi, ta tsaya a danja, ta sha kwana, ta ɗauki wanda ya kira ta a waya, ta sauke shi. Shi ba zai taɓa komai ba sai in ya ga za a yi ɓarna. Duk lokacin da hannunsa ya sauka a kan sitiyari, motar za ta kai rahoto, wata murya kuma ta fito daga ɗakin sa ido ta tambaye shi dalili.

Ranar farko ya dawo gida jikinsa na ciwo kamar ya yi dako. Ƙafarsa ta yini tana taka birkin da ba a tambaye ta ba. Ya zube a katifa ya ce wa Shu'aibu, "Bon, to, ka yi mini bayani, kai da ka yi karatu. Motar nan an ce kuɗinta ya sayi tasi da yawa. Suna biyana albashi in zauna. Fasinja kuma abin da yake biya bai kai na tasi ba. Ina ribar?"

"Babu," in ji Shu'aibu, yana cire takalmi. "Faɗuwa suke yi."

"To mi ya sa suke ƙaro motoci?"

"Saboda masu zuba jari suna ƙara ba su kuɗi."

"Su ba da kuɗi ga wanda ke faɗuwa?"

"Habibi, abokina, ba yau suke kallo ba. Motar ba ta barci, ba ta zuwa hutu, ba ta neman biza ko ɗakin kwana. Ranar da aka cire mutum daga cikinta, ranar riba za ta fara. Mutum ɗaya a ɗakin sa ido zai kula da motoci da yawa."

Arzika ya juya maganar a ransa. Can ya ce, "Ke nan ni ne asarar?"

Shu'aibu ya yi dariya ya ce shi bai faɗa ba, ya tafi alwala.

Daga nan kan Arzika bai sake zama daidai ba. In ya taɓa sitiyari, an ce bai iya aikin ba. In bai taɓa ba, ya shaida da bakinsa cewa motar ba ta bukatarsa. Yana zaune yana kallon sitiyari na juya kansa kamar mai aljanu, ya rasa ko addu'a zai yi mata ta yi kuskure, ko ta Allah ya kiyaye. Duk da haka bai fasa karanta addu'ar hawa abin hawa kowace safiya ba, ko da yake ya kasa tantance wane ne tsakaninsa da motar ya hau wani.

Sai ga labari mai daɗi ya ɓullo. Shugabar sashensu ta tara su ta ce nan gaba kaɗan za a fara sakin motocin babu kowa a ciki. Direbobin da suka fi haƙurin barin sitiyari, waɗanda ba sa karɓar tuƙi sai da hujja, su za a mayar ɗakin sa ido. Albashin can kuwa ya haye matakin nan na kawo iyali. Sauran, za a ga abin da za a yi da su. Arzika ya kira Safiatou ya gaya mata. Ta yi guɗa har sai da ya janye wayar daga kunne, kuma kafin mako ya zagayo ta fara tambayarsa irin kayan da mata ke sawa a can.

Ya ɗaure hannayensa da zuciyarsa. Har matse su yake tsakanin gwiwoyi. Sunansa ya hau sama cikin masu haƙuri.

Wata rana da azahar, rana tana dukan kwalta, motar na kan hanyar ɗauko wani a Jumeirah, sai ya hango mutum a bakin titi gaban wani asibiti, da farar riga da sanda. Alhaji Ɗalhatu ne, ya fito daga ganin likitan gwiwa. Alhaji ya gane shi ta gilashin gaba, fuskarsa ta washe, ya ɗaga sanda. Ita kuwa motar ba ta san aminin uban kowa ba, ko sassautawa ba ta yi ba. Arzika ya rikice, ya rasa abin yi, sai ya ɗaga hannayensa duka biyu yana gaisuwa, tunda dama ba abin da suke yi. Abin da Alhaji ya gani ke nan: yaron da ya riƙa, cikin mota babu fasinja, ya ɗaga masa hannu bibbiyu ya wuce.

Ranar Juma'a bayan masallaci, a wurin mai shayin da 'yan Nijar ke taruwa a Al Sabkha, Arzika ya durƙusa ya gai da shi. Alhaji ya amsa yana kallon kofinsa.

"Baba, pardon, ka yi haƙuri, ranar nan ba ni ke tuƙi ba."

"Ba kai na gani a kujerar direba ba?"

"Ni ne, Baba."

"To wa ke tuƙi?"

"Motar."

"Kai kuma kana mi?"

"Ina zaune, Baba."

Alhaji ya ajiye kofi ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Kana zaune. Ana biyanka?"

"Ana biya."

"Madalla. Allah shi ƙara zama." Ya juya ya ci gaba da magana da wani.

Mutanen wurin suka yi ƙasa da kai suna ɓoye dariya. Arzika ya ji kunyar da bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi. Abin da ya fi cinsa, shi kansa da ya saurari bayanin da ya yi bai gamsu da shi ba. Magana ta zaga cewa Arzika ya samu aikin Turawa ya daina ganin mutane. Shu'aibu ya ce ya share, za su manta. Amma Shu'aibu ba a bayan shagon Alhaji ya kwana ba lokacin da ba shi da kowa.

Kwanaki suka tafi. Aka fara sakin wasu motocin babu kowa, suna yawo a gari kamar gidan da aka manta a buɗe. Shugabar sashe ta tare Arzika a gareji ta ce sunansa na cikin waɗanda ake dubawa, ya ci gaba da yadda yake yi, saura kaɗan a yanke magana. Safiatou kuwa ta riga ta yi cinikin keken ɗinkinta da wata maƙwabciya, sai ranar tafiya za a zo a ɗauka.

A cikin wannan ɗan tsakanin ne motar ta sake bi ta gaban asibitin nan. Ga Alhaji a wurin da yake tsaye wancan karon, ya jingina da sanda, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Bai ɗaga hannu ba. Kallon motar kawai ya yi, ya kawar da kai.

Arzika zai rantse maka bai yanke shawara ba. Ya san abin da ke gabansa, ya tuna Safiatou, ya tuna ɗakin sa ido mai sanyi. Amma hannun da aka koya wa abu tun yana yaro bai tsaya jin ta bakinsa ba. Ya cafki sitiyari, ya ratse gefe, ya taka birki. Motar ta yi ƙara, wanda ke jiran ta a gaba aka soke masa tafiya. Arzika ya fito da sauri, ya zagaya ya buɗe ƙofar baya, ya rusuna.

"Baba, bismillah. Shigo in kai ka."

Alhaji ya dube shi, fuskarsa ta yi laushi. "Arzika, ashe dai kana nan. Allah shi yi albarka. Ni ai na huce tuni, ɗiyata Hannatou ta yi mini bayanin abin naku." Ya laluba aljihu ya ciro waya. "Bayan ranar da ka wuce ni ta sa mini abin kiran motar a nan. Yanzu latsawa nake yi ta taho. Ta fi tasi sauƙi, kuma ba ta ja na da surutu. Ka ga tawa ma ta iso."

Wata motar kamfanin ta tsaya a bayan ta Arzika, sak irinta, kujerar direba wayam. Ƙofa ta buɗe. Alhaji ya tattara riga, ya leƙa ciki ya yi sallama da ƙarfi, ya ɗan jira kamar za a amsa, sannan ya shiga. Da motar ta zo wucewa ya ɗaga wa Arzika hannu bibbiyu.

Arzika ya koma mazauninsa. Muryar ɗakin sa ido tana ta kira da Turanci, tana tambaya ko an yi hatsari, ko motar ta yi kuskure, ko wani ya faɗo titi. Ya ce a'a, a'a, a'a. Ta ce to mene ne dalilin tsayawa? Ya laluba Turancinsa, ya laluba Faransancinsa, ya leƙa ɗan Larabcin da ya tsinta a kasuwa, bai samu inda zai ajiye maganar ba. Sai ya ce da Hausa, "Babba na gani a tsaye." Muryar ta ce ya maimaita. Ya maimaita.

Ba a kore shi ba, kada a ɗauki alhakin masu kamfanin. Sun dai ce mutumin da zai bar fasinja ya tsaya don abin da ya kasa bayyanawa, ba a ba shi amanar motoci da yawa. Yanzu yana garejin kamfanin ta wajen Jebel Ali, yana goge wa motocin kyamarori da safe kafin su fita, a kan albashin da bai kai na tasi ba. Motoci sai ƙaruwa suke, kuma Shu'aibu ya ce har yau ba su fara cin riba ba. Arzika ya daina tambaya. A Al Sabkha sunansa ya gyaru, Alhaji da kansa yake ba da labarin yaron kirki da ya tsayar da motar Turawa dominsa.

Da ya kira Safiatou ya gaya mata, ta saurara har ƙarshe ba ta katse shi ba. Sannan ta ce, "To Alhajin ka kai shi gida?"

"Bai shiga ba."

Sai ta ce bari ta je gidan maƙwabciya tun ba ta fita ba, ta gaya mata keken ba na sayarwa ba ne.