Buhun Shinkafar Birnin Tudu

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Gusau, ni da abokina mai buga rubutu a jikin buhuna. Kwamfutata na kan cinya, a cikinta akwai zanen da na yi wa wata ƙungiyar manoman shinkafa ta Birnin Tudu. Shi ne babban aikina na farko tun da na bar shagon kawuna na ce zane zan yi. Idan ya kuɓuce, shagon zan koma da kunyata.

Kuɗin mota ya tashi, ga direba mai wa'azi, tun daga Bunguɗu yake mana nasiha kan haƙuri alhali shi ke zagin duk wanda ya wuce shi. A Talata Mafara muka ci waina da miyar taushe, mai zafi har tana ƙona yatsa. Daga nan muka hau babura zuwa ƙasar Bakura, ruwan Bakolori na bin magudanai a gefenmu, gonaki kore shar.

Mun tarar da manoman a gindin bedi, wato dogonyaro, shugabansu ya tafi suna Maradun. Gaisuwa kawai ta ci kusan kwatan awa. Na buɗe kwamfuta ina wani hura hanci. Sai wani dattijo ya matso, ya ƙura ido, ya ce, "Ɗana, mi kaz zana muna? Wagga ai alkama ta."

Wayyo Allah! Aka fashe da dariya, har abokin tafiyata, maci amana. Hoton daga intanet na ɗauko, na ga zangarniya mai kyau na manna. Ni da nake cin tuwon shinkafa tun ina rarrafe, ashe ban taɓa tsayawa na kalle ta a gona ba. Wallahi na ji kamar in bar kwamfutar a nan in gudu.

Ban gudu ba. Na ce, "Baba, a kai ni gona." Ya kai ni da kansa. Na naɗe wando na shiga taɓo, ya kamo zangarniya ya nuna mini: alkama tsaye take da gashi cirko-cirko, shinkafa kuwa in ta nuna sai ta sunkuya. Na ɗauki hotuna, na dawo gindin bedi na goge aikin mako uku, na soma daga farko. Suna kaina, wannan ya ce ƙwayar ta yi ƙiba, wancan ya ce ganyen ya yi faɗi. Raina ya ɓaci, amma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Batir na kan layin ja na gama.

Muka sake ratsa Mafara zuwa Maradun, muka isa bayan la'asar. Kifin madatsar Bakolori soyayye aka ajiye mana a gidan sunan, ban iya ci ba sai da shugaban ya ga zanen. Ya daɗe yana kallo, ya kira wani manomi ya tambaye shi abin da ya gani. Mutumin ya ce, "Shinkahwa ta, ta isa yanka." Shugaban ya dubi abokina ya ce, "A buga." Sannan na ci kifin nan har ƙaya.

A Mafara muka kwana, washegari da hantsi muka iso Gusau.

Ku masu son wannan sana'a, ku koyi kwamfuta, amma ba ita ce aikin ba. Kafin ka zana wa mutum kayansa, tashi ka je ka gan su da idonka. In an yi maka dariya, tsaya a gyara maka. Kuma ka nuna kafin a buga. Da ta waya na tura wa abokina zanen nan kamar yadda na so yi don gudun kuɗin mota, da yanzu manoman Birnin Tudu na sayar da shinkafarsu a buhun alkama, da sunana a ƙasa.