Shekarar da Kawu Ya Yi Shiru

Ƙanshin man gyaɗa ne ya tashe ni ranar da ƴan Gabi suka zo kokawa garinmu. Tun da asuba inna ta ɗora kasko tana toya ƙuli-ƙuli, ƙanshin ya biyo ƙarƙashin asabari ya same ni a kan tabarma. Can wajen tafki wani makaɗi yana ɗaure gangarsa, ya buga ya saurara, ya ƙara jan igiya, ya sake bugawa. Na daɗe kwance ina jinsa. Sai na tuna yau ce ranar da za a san ko bakin kawuna zai ci gaba da aiki, ko zai rufe har baɗi.

Kawun nan ƙanin inna ne, tela, kekensa na gindin tsamiyar da ke ƙofar gidanmu a Madarunfa. Siririn mutum ne, ko ɗan akuya bai taɓa kadawa ba, amma a baki babu wanda ya kai shi sanin kokawa. Hujjarsa zaren awo. Yakan ce duk saurayin garin nan shi ya ɗinka masa wando tun yana yaro, don haka ya san ƙugun kowa da cinyar kowa fiye da uwar da ta goya shi. Lokacin ina kolej a Maradi, kafin shekarun fari, nakan hau kamiyo, babbar motar kaya, in zo gida ranar Asabar. Sai in zauna a zaure da littafin waƙoƙin Faransanci, ido a takarda, kunne a gindin tsamiya.

Kakar nan an sami gero da gyaɗa, rumbuna sun cika, amma zancen kokawarmu ba daɗi. Gwarzon da gari ya daɗe yana taƙama da shi ya manyanta, gwiwarsa takan yi ƙara in ya durƙusa salla, har ƴan sahun baya suna ji. Ƴan Safo sun kada mu. Ƴan Gabi sun kada mu sun haɗa mana da waƙa. Kullum bayan la'asar maza sukan taru wajen keken kawu, a baje samarin gari ɗaya bayan ɗaya kamar ana tayin raguna.

Babban abokin gardamarsa mahaucin unguwarmu ne, mai ƙaton ciki da ƙaramar murya.

"Tela, bana ma kwance muke," in ji shi wata Asabar. "Ɗan maƙeri na da hannu, ba shi da ƙafa. Ɗan liman na da ƙafa, uban ba ya bari. Sauran sun tafi cin rani sun dawo da agogo da tabarau, ba mai son ƙasa ta taɓa mai riga."

"Ka manta ɗan masunci," in ji kawu, bai ɗaga kai daga ɗinki ba.

"Wanga mai wuya kamar zalɓe?"

"Wuyan da ka raina, ni na auna shi. Kai sai an yanka kake sanin nama. Ni da rai nake awo."

"To ka ɗinka mai sabuwar riga, ya sa ranar da za a shimfiɗe shi."

Na san yaron da suke nufi. Nakan gan shi da maraice a tafki, tsaye cikin jirgin ubansa, dogo, ba kitse ko kaɗan, yana jan taru kamar ruwan ne ke miƙo masa. A raina na riga na jera shi da jaruman littafina, ko da yake bai taɓa ce mini komai ba sai sannu.

Gardama ta yi zafi ranar. Kawu ya tsayar da keke, ya miƙe, ya ce a shaida: in ɗan Gabi ya kai yaron nan ƙasa, shi ba zai ƙara furta ko kalma ɗaya a kan kokawa ba har a yanke geron baɗi. Liman, wanda ya zo karɓar rigarsa, ya tambaye shi ko ya san abin da yake faɗa. Kawu ya ce ya sani. Da labarin ya shiga cikin gida, inna ta ce ita a rayuwarta ba ta taɓa yi wa ƴan Gabi fatan alheri ba, amma yanzu za ta yi tunani.

A garinmu, in manya suka ɗora ido a kan saurayi don kokawa, gidaje kan aika masa da kwano don ya yi ƙarfi. Kuma ba a mayar wa babba kwanonsa da saura. Matar gida takan buɗe ta duba, in ta ga ko loma, an raina tuwonta ke nan. A da gida biyu ko uku ke aikawa, dangi da maƙwabta. Amma shekarar nan akwai abinci, ga kuma tela ya sa bakinsa jingina, sai kowa ya gaskata cewa yaron zai yi abu, kowa kuma yana so ranar nasara ya ce da tuwon gidansa a ciki.

Kwanuka suka fara tafiya. Fura da nono da safe, dambu da hantsi, ɗanwake da man shanu yana ninƙaya, tuwon dawa da miyar kuka daga wannan gida, tuwon gero da miyar kuɓewa daga wancan. Matan unguwar gabas suka ji na yamma sun sa kaza, su ma suka sa zabo. Har mahauci ya riƙa aika tsire. Da aka ce masa ai shi ba ya bayan yaron, sai ya ce, "In ya faɗi, kada a ce don na hana shi nama ne."

Sai kuma dattawa suka yanke cewa yaron ya daina shiga tafki, wai ruwa na shanye ƙarfi. Aka shimfiɗa masa tabarma a zauren ubansa. Aikinsa ya zama ci, da godiya, da jiran kwano na gaba.

Asabar ɗin da na dawo na gan shi ya nufo tsamiya riƙe da wando, ban gane shi ba sai da ya gaishe ni. Wuyan zalɓen ya tafi. Kumatunsa na sheƙi.

"Baba, ya matse," ya ce wa kawu.

Kawu ya zagaya zaren awo a ƙugunsa, hannu da kyar ya haɗu a baya. Ya ɗaga zaren sama don kowa ya gani.

"Kun gani ko? Ƙarfi ke shiga."

"Ni dai irin wanga ƙarfi nake so ga ragon layya," in ji mahauci.

Yaron ya sunkuyar da kai. "Baba, da za a bar ni in shiga ruwa, ko da safe kawai."

"Ruwa ya kwashe mana abin da gari ya tara? Je ka zauna, ɗana. Gidan maigari sun ce yau da shinkafa."

Bayan ya tafi na fito daga zaure, na ce a hankali, "Kawu, daga gidansu zuwa nan fa ya zo, amma ka ji yadda yake haki."

"Ɗiyata, a makarantar lakwal har haki ake koya muku? Zaki ma na haki. Koma ga littafinki."

Na koma. Kawu ya farke ƙugun wandon ya ƙara ƙyalle. Asabar ta gaba ya sake ƙarawa, sai dai yadin farko ya ƙare, ya sa wani mai launi daban.

To, ranar ta zo. Bayan la'asar aka taru a filin da ke kusa da tafki, wajen kukoki. Ƴan Gabi sun zo a kan jakuna da amalanke, da makaɗansu. Mu mata muna baya, inna da tiren ƙuli-ƙulinta. Ƙananan ƴan kokawa suka fara, aka kada namu, namu suka kada nasu, ba wanda ya damu. Kawu ya hau wata amalanke ya tsaya, zaren awo rataye a wuyansa kamar laya.

Gwarzon Gabi gajere ne, baƙi, busasshe kamar iccen da aka daɗe da sarewa. Da namu ya shigo fili, ana kaɗa masa ganga, ƙasa na amsawa. Wata tsohuwa kusa da ni ta ce, "Wancan damtsen nawa ne, ni ke aika fura." Ta kusa da ita ta ce ai damtse aikin tuwo ne, fura ciki take zama.

Suka kama. Ɗan Gabi ya shiga ƙarƙashi ya rungumi ƙugu don ya ɗaga. Hannunsa bai haɗu ba. Ya tura, kamar mai tura rumbu. Ya sa ƙafa ya taɗe, ƙafarsa ce ta yi zafi. Garinmu ya ɗauki ihu, mata na guɗa. Na hango kawu a kan amalanke yana nuna mahauci da yatsa, bakinsa na motsi, ba a jin abin da yake faɗa.

Sai ɗan Gabi ya saki. Ya ja baya ya dubi namu sama da ƙasa, irin kallon manomi ga kututturen da ya ƙi tuguwa. Daga nan ya fara zagaye shi. Bai taɓa shi ba, zagayawa kawai yake, ya yi dama, ya koma hagu, ya miƙa hannu kamar zai kama ya janye. Namu kuwa dole ya juya ya bi shi, kada a shigo masa ta baya. Ya juya, ya juya. Zufa ta wanke shi. Ganga ta yi ta yi har ta gaji ta rage sauri. A cikin wannan sassaucin muka fara jin numfashinsa har inda muke tsaye.

Can ya tsaya. Ya dafa cinyoyinsa da hannu biyu, ya ɗaga kai ya dubi tafki, inda hasken yamma ya kwanta a kan ruwa. Ban taɓa ganin mutum ya dubi wani abu da irin wannan kewar ba. Ɗan Gabi ya matso ya ɗora masa tafin hannu a kafaɗa, a hankali, kamar mai yi wa aboki ta'aziyya. Namu ya durƙusa. Gwiwa ta taɓa ƙasa, an gama.

Kawu ya sauko yana cewa ba kaye ba ne, yaron hutawa ya yi. Ya ce a ina aka taɓa kada mutum ba a ɗaga shi ba. Ya bi dattawa ɗaya ɗaya, ya kawo labarin kokawar da aka yi tun kafin a haife ni, har ya iso gaban liman. Liman ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Tela, cewa ka yi in ya kai shi ƙasa. Ga shi can ƙasa, har yanzu bai tashi ba." Kawu ya buɗe baki. Mahauci ya ɗaga yatsa ɗaya. Kawu ya rufe.

Washegari kwanuka suka tsaya cak. Yaron ya koma jirgin ubansa, kafin lokacin zafi ya shigo, wuyan zalɓen ya dawo, na kuma ji yana waƙa a ruwa.

Wahalar ta kawu ce. Mazan tsamiya ba su daina taruwa ba, sai ma ƙaruwa suka yi, don an gano sabon wasa. Mahauci yakan zauna daf da keke ya ce, "Ni a ganina ɗan kokawa na kirki gajeren ƙwauri gare shi." Wani ya ce ƙwarai, kuma ai ƴan Safo ba su taɓa kada mu ba a tarihi. Su yi ta zuba ƙarya a gabansa suna kallon fuskarsa. Kawu sai ya danna ƙafa a kan keke. Gwargwadon girman ƙaryar, gwargwadon gudun keken. Daga zaure nakan san an faɗi babba in na ji allura na neman karyewa. Shekarar nan ya ɗinka kaya fiye da kowace shekara, wasu ma ba a ba shi ba. Ya yi wa inna zannuwa, ya yi mini riguna har na rasa ranar sa su, ya yi wa jakin maƙwabcinmu sabon akumari.

Wata rana na kai masa ruwa na same shi shi kaɗai, yana kallon wani saurayi da ke wucewa da damin kara a ka. Idonsa na kan ƙafafun yaron, leɓensa na motsi. Tausayi ya kama ni.

"Kawu, ba kowa. Faɗa mini, ba zan gaya wa kowa ba."

Ya dube ni, ya dubi tsamiya, ya karɓi moɗa ya shanye. "Ɗiyata, ruwan ga ya yi sanyi," abin da ya ce ke nan. Na koma ciki ina jin ba ni da wani jarumi a littafi da ya kai shi. Na daɗe ina ba ƙawayena a kolej labarin kawuna mai cika alkawari. Ranar da aka yanke geron farko, ya fara magana tun hantsi, har aka kira magariba bai kai ga ƴan Gabi ba.

Na yi aure, na haihu, na yi shekaru ina koyarwa. Bayan kawu ya rasu, cikin masu zuwa gaisuwa akwai wani tsohon mai shayi daga garin Ɗan Issa, ya zo da sanda, yana hawaye. Ya ce shi bai taɓa sanin masanin kokawa irin marigayi ba. Wai akwai wata shekara da tela ya riƙa zuwa teburinsa kowace ranar kasuwa, yana cewa ya zo sayen zare, ya zauna tun safe yana yi wa direbobi da ƴan duwan masu karɓar kuɗin fito bayanin kowane ɗan kokawa daga Safo har Gabi, sai motar ƙarshe za ta tashi a ja shi da kyar. Ya ce sau da yawa sai ya manta zaren a kan benci.