Injin da Yaya Mumuni Bai Gama Shiryawa Ba

Ku da kuka san Yaya Mumuni, kun san bai taɓa amfani da sabon abu ranar da ya same shi ba. Takalmi sai ya yi sati biyu a ƙarƙashin gado, wai ya saba da gidan. Ni da nake taubashinsa na taɓa tambayarsa ko amaryarsa ma sai da ta yi sati biyun, ya bi ni da muciya har bakin masallacin Zango.

To, wannan mutumin Allah ya haɗa da injin yankan ciyawa, irin wanda ake hawa kamar ƙaramar tarakta. Lokacin yana gadin filin ƙwallon wani lekol, wato makaranta, a Dapaong, shekarun nan da ƙasa ta rikice, yau yajin aiki, gobe soja. Wasu Turawa suka ba lekol ɗin injin kyauta cikin akwatin katako, suka ji harbi a Lome, suka kama gabansu. Direkta ya ce da zarar injin ya tashi, kada ya sake ganin ƙafar matan nan huɗu da ke shigowa da lauje suna yankar wa tumakinsu ciyawa. Dukansu mazansu sun rasu, da tumakin suke riƙe gida, ɗayarsu ana ce mata Ladi.

Aka aiko mini Sokode, tunda ni ne makanike a dangi. Kwana biyu na yi a hanya saboda shingaye. Ina isa na ɓalle akwatin, na ɗaura sitiyari, na kafa kujera, na zuba baƙin mai, na haɗa batir. Kafin la'asar na gama.

Na ce, "Yaya, kawo fetur mu tayar."

Ya ce, "Kai, Isufu! Daga fitowa akwati? Ai ko jariri sai ya kwana bakwai ake fita da shi."

Ranar takwas ya bi tayoyin yana matsawa da yatsa. Wai ta hagu ta fi ta dama iska, ciyawa za ta fito a karkace kamar askin sabon wanzami. Na rage. Ya matsa, ya ce yanzu ta dama ce ta fi. Wallahi kwana uku muka yi a kan iska! Fetur kuwa, na kwalba da muka samo da ƙyar, ya tace shi da hularsa, ya shinshina, ya ce an haɗa da kananzir, a mayar.

Ana haka samarin unguwa suka shigo neman tayar da za su ƙona a titi. Yaya Mumuni, wanda ko keke bai taɓa hawa ba, ya ɗare kujerar injin, adda a cinya.

Babbansu ya ce, "Tsoho, kana bayan wa? Gwamnati ko mu?"

Ya ce, "Ina bayan ciyawa. Ku je ku ƙona ta motar ubanku."

Suka fita suna dariya.

Da aka shiga sati na biyar direkta ya zo a fusace, ya ce gobe ko injin ya tashi, ko Mumuni ya tashi daga aikin. Sai Yaya ya ɗauko littafin da ya zo da injin. Da Jamusanci aka rubuta shi, ba mai iya karantawa a cikinmu, amma akwai hotuna. Ya nuna wani hoton mutum a duƙe yana tsintar duwatsu.

"Direkta, ranka ya daɗe, masu abin ne suka ce a tsince duwatsu tukuna. In wuƙar ta ci dutse ta karye, wa zai je Jamus? Kai ko ni?"

"To a tsince!"

"Ai ba a ganinsu cikin wannan ciyawa. Sai an yanke ta."

Wa zai yanke? Matan nan huɗu! Suka yanke tas, suka ɗaure, suka tafi. Aka tsince duwatsu, amma babu abin da injin zai yanka. Kafin ciyawa ta sake tsayi, sai ga sababbin duwatsu. Direkta ya ce wannan fili haihuwar duwatsu yake yi ne?

Ni na gano uban da ke haifarsu. Wata safiya bayan asuba na hango Yaya yana zagaya fili, aljihu ya yi nauyi, yana yarwa ɗai-ɗai kamar mai shuka gyaɗa.

Na ce, "Haba Yaya! Ashe wahalar banza ka sa ni?"

Bai ko ji kunya ba. Ya ce, "Isufu, injin nan ba ya jin yunwa. Ladi kuwa marayu uku gare ta. Riƙe mini rabi, hannuna ya gaji."

Na tsaya, raina a ɓace, fiye da sati biyar na bar garejina a rufe. Sai kawai na miƙa hannu.

Har aka canza wa direkta wurin aiki, har Yaya ya kwanta ciwon ajali, injin nan bai yanki ko tsinke ba. Ranar jana'izarsa matan huɗu suka zo Sokode cikin motar kaya, Ladi na kuka har ba ta iya gaisuwa.

Ya Allah, in duwatsun nan laifi ne, rabi nawa ne, kada ka ɗora masa duka. Ka jiƙan Yaya Mumuni, ka yalwata masa kabarinsa, ka ciyar da shi kamar yadda ya ƙi bari wasu su kwana da yunwa. Amin.