Mutanen da Ummaru ya ɗauka suna wucewa

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Ummaru, wanda mutanen Sabon Birni da Isa suka sani da Ummaru Mai Hoto. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Shekarun baya addu'a kawai nake yi masa in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni.

Zamanin fim ya yi aikinsa. Idan ya wanke fim, ba ya fitar da babban hoto nan take. Sai ya yanka fim ɗin, ya jera a kan takarda guda, ya danne da gilashi, ya ba ta haske. Hotunan fim ɗin duka su fito layi-layi, kowane bai fi kan sarki girma ba. Allo yake kiran wannan takarda. A kanta yake zagaye wanda za a faɗaɗa da jan fensir, ni kuma in juya bayanta in rubuta sunan wanda aka ɗauka da garinsu da ajami, don shi rubutunsa ko shi bai iya karanta shi.

Yana da wata ɗabi'a. In ya sa sabon fim, hoton farko ba ya yarda da shi, don haske kan taɓa shi. Sai ya ɗaga kyamara ya ɗauki duk wanda ke wucewa: mai jaki, mai tallar nono, fatake masu komawa Nijar. Ya sha ce mini in tambayi sunansu in rubuta. Nakan ce, “Yaya, wanda bai zo ɗaukar hoto ba, mi za ni rubuta mishi?” Ban taɓa rubuta ko ɗaya ba.

Fim ɗin kansa zafi da gara sun cinye shi tun tuni. Allunan ne suka rage, cikin akwatin ƙarfe a ɗakina.

Watan jiya wata mata ta yi sallama a ƙofar gida. Kulu sunanta, daga wani ƙauye kusa da Turba, cikin waɗanda rashin zaman lafiya ya tayar suka dawo gari. Mijinta Garba ya tafi gona wata safiya, shekara huɗu ke nan, bai dawo ba. Bai taɓa zama an ɗauke shi hoto ba. Amma ya taɓa ba ta labari, yana dariya, cewa tun yana saurayi wani mai hoto ya ɗauke shi a kasuwar Isa yana jan bijimi, bai ba shi komai ba.

“Baba,” ta ce, “huskarshi ce ta fara ɓace mani. In na rufe ido, hularshi kaɗai nika gani.”

Da na rubuta sunayen nan, aikin sa'a guda ne. Kwana uku muka yi a zaure, ina ɗauko allo ɗaya-ɗaya ina miƙa mata tabaran ƙara girma na Ummaru, tana duba kusurwar farko. Idona ya yi rauni, nata ne ke aikin. Kowane allo ta ajiye sai in ji kamar yayana na tsaye a kaina.

Rana ta uku, bayan la'asar, ta tsaya a kan wani. Rabin hoton haske ya cinye, bijimin ma kansa kawai ya fito. Mutumin ya juyo, baki buɗe, kamar zai yi faɗa.

“Shi ne,” ta ce. “Haka yaka yi in an kira shi yana sauri.”

Ta ɗauki hoton hoton da wayar maƙwabciyarta. Na jiƙa alƙalami, na rubuta a baya: Garba, mijin Kulu, mutumin yankin Turba. Rubutun da ya kamata in yi shekara ashirin da wani abu da suka wuce.

Nakan tambayi kaina me Ummaru zai ce da ya ga yau, da kowa ke ɗaukar hoto goma ya goge tara kafin ya sauke hannu. Shi bai iya gogewa ba. Mai rufe ido, mai juya baya, wanda bai ma san an ɗauke shi ba, duk suna nan kusa da wanda aka zagaye da ja. Waɗanda aka zagaye sun karɓi hotunansu, da yawa sun bar su a bangon gidajen da ba kowa ciki yanzu. Waɗanda ba a zaɓa ba ne suka zauna a akwati.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne sauran. Kowane allo da mutum ɗaya a kusurwarsa ba suna, kuma masu iya gane su sun watse, wasu Sakkwato, wasu hayin iyaka, wasu ƙasa ta rufe su. Na fara ɗaukar alluna goma-goma ranar kasuwa, ina zama inda 'yan garin Kamarawa ke sauke kaya, ina nuna wa dattawa. Makon jiya na samu suna biyu.

Shagon Ummaru yanzu cajin waya ake yi a ciki, kyamarar ta lalace. Abin da ya rage nasa shi ne bai raina mai wucewa ba. Aikinsa ya gama. Nawa ne ya saura, ina roƙon Allah ya ara mini ido har in kai ƙasan akwatin.