Uwar Bakwaini da takardar da na rubuta a kanta

Ƙarfe bakwai na safe take shiga ɗakin jarirai. Ta ajiye takalmi a bakin ƙofa, ta wanke hannu tas, ta tsaya tana murza tafukanta har su ɗumama. Sababbin ma'aikata su yi ta mata dariya, ita kuwa ta ce, "Ku yi ta yi. Ba a taɓa bakwaini da hannu mai sanyi." Shekara talatin da ɗaya ke nan, Juma'ar nan za ta ajiye aiki. Uwar Bakwaini ake ce mata.

Wata tela ta ba ni labarin yadda ta zauna da ita sati uku tana koya mata ɗiga wa ɗanta nono da ɗan cokali. Masu irin wannan shaida suna da yawa. Tawa ce kawai ta abin kunya.

Ni malamin Turanci ne. 'Yata ta zo da wata bakwai, aka sa ta a kwalbar ɗumama jarirai, wato inkubeta, uwarta kuwa tana kwance ba ta san inda kanta yake ba. Ran nan da azahar wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi. Na leƙa, sai ga matar nan ta fito da 'yata tsirara, ta manna ta a ƙirjinta, ta ɗaure da zane. Na banka ƙofa na hau ta da masifa.

"Ke wace ce da za ki fitar min da 'ya daga kwalba?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Malam, rufe min ƙofa, iska na shigowa."

Na koma na zuba Turanci shafi biyu, na kai ƙararta. Aka dakatar da ita sati biyu, ƙarin girma ya wuce ta. Daga baya likita ya ce min ɗumin jikinta ne ya riƙe yarinyar awa uku. Na ji, amma girman kai ya hana ni janye takardar.

Kaico! Ni ne fa mai tsayawa gaban allo ina ce wa ɗalibai kalmar inkubeta daga Latin ta fito, asalinta kwanciya a kan abu, irin kwancin kaza a kan ƙwai. Na haddace ta, aka yi ta a gabana, ban gane ba.

Makon jiya na kai mata 'yar, shekararta goma sha tara. Na ce, "Inna, ni ne na rubuta..."

"Na gane ka, mai babban Turanci." Ta jawo yarinyar tana dariya. "Kai, ji tsayi! Sati biyun nan da aka zaunar da ni a gida, tunaninki kaɗai ya hana ni cin abinci."

Inna, ke ce uwar da ba a yanka wa rago. Na cuce ki, ki yafe min. Allah ya saka miki da alheri. Masu shigowa aikin nan, ku koyi halinta. Ku kuma iyaye, idan akwai wadda kuka zaga a kan aikinta, ku je yau. Kada ku kai shekara goma sha tara kamar ni.