Kawu Mainasara da Kanwar Shanu

Kawu Mainasara dillalin shanu ne a Sandamu, kuma yadda yake duba bijimi haka yake duba kansa: muddin yana cin abinci, lafiyarsa lau. Da aka ce yana da hawan jini, sai ranar kasuwa yake shan ƙwayar, wai ranar ce mutane ke ɓata masa rai.

Bara mura ta kama shi har ta sauka ƙirji. Ya watsar da ƙwayar, ya jiƙa kanwar da ake ba shanu yana ɗirka safe da yamma. Na yi magana, ya ce boko ya lalata ni. Bayan kwana biyar muka kwashe shi zuwa asibiti a Daura, yana numfashi kamar zugazugi.

Malamar asibiti, Barakatu, ta zaunar da shi. "Baba, akwai sinadarin da jiki ke yi mai matse hanyoyin jini. Idan ƙwayar cuta ta shiga huhu, shi ɗin yana iya ƙara rura kumburi. Maganin da ka ajiye shi ke taka masa burki, kanwa kuwa ƙara hawan jinin take yi."

Kawu ya harare ta. "Yarinya, kin san shanu nawa kanwa ta tayar a hannuna?"

"Wanne ka bari ya kai shekarunka, Baba? Duk mahauta ka miƙa wa."

Yanzu kullum yana shan ƙwayarsa. Amma har yau cewa yake kanwar ce ta warkar da shi, ta dai ɗan makara ne.