Dardumar da Na Shimfiɗa wa Inna

Ni da ƙanwata magini ɗaya ya yi mana ɗakuna, da ƙasa ɗaya, da awo ɗaya. Na fara da wannan ne don kada wani ya zo ya ce mini nata ya fi nawa girma. Bai fi ba. Na auna da igiyar shanya, sau biyu, ranar da ta tafi ɗebo ruwa a tur'a, wato babban magudanar da ke shayar da gonakin auduga a bayan ƙauyenmu, kusa da Wad Haddad. Tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, ko yatsa babu a tsakani. Bambancin kawai, ƙofarta tana kallon hanya, tawa tana kallon tur'a.

Amma duk matar da ta shiga nata sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ya salam! Wanga ɗaki ko fili?" Ta shigo nawa kuwa, sai ta tattare mayafi ta zauna a bakin angarib, gadon igiyar nan namu, kamar mai jiran mota.

Darduma ce ta jawo duk wannan. Mijin ƙanwar tawa yana tuƙa ƙaramar bas zuwa Wad Madani, shi ya kawo mata. Ratsin fari ne da na shuɗi mai duhu, kowane ratsi faɗin tafin hannu, saƙar kuma ta ɗan tasa, har kana jin ta a ƙafa. Ta shimfiɗa ta yadda ratsin ya miƙe daga bakin ƙofa har bangon ƙurya. Kana shiga sai idonka ya bi layin ya yi ta tafiya, ka rantse bangon ya ja da baya. Na je na gani, na ce, "To, ba laifi." Na dawo gida na yi ta ƙare wa ɗakina kallo.

Da abin ya tsaya a yabon mata, da na haɗiye. To sai damina ta rushe ɗakin Inna. Babanmu ya daɗe da rasuwa, yayanmu ɗan wan baba da ya kamata ya ɗauke ta yana Jidda, mu biyu kuma muka rage mata a duniya. Dole ta zauna wurin ɗayarmu, kuma ni ce babba. Na share ɗaki, na yaɓe ƙasa, na tura mai gidana rumfar tsakar gida da tabarmarsa. Inna ta kwana biyu a wurina, ta kwana biyu a wurin auta, ƙanwar tawa ke nan, sannan ta aika a kai mata akwatinta da butarta can.

Na tambaye ta dalili. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Ɗakin ga ya fi mini sauƙi."

Ni ce 'yar fari. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta jansa a jiki, wai kunya. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke," ko "waccan," shi ke nan. Auta kuwa, sunanta na fita daga bakinta sau ɗari a wuni. Na san al'ada ce, an yi wa Inna ita ma, ba ƙiyayya ba ce. Sanin bai taɓa sanyaya mini rai ba. Yanzu ga darduma ta zo ta ƙwace mini abu ɗaya da girma ya ba ni. Wallahi kishi na yi, irin wanda ke hana mutum amsa sallama da kyau.

Da aka fara tsinkar auduga sai na sayar da akuyata na hau mota zuwa Wad Madani. Da gangan na ƙi shiga motar mijin auta. Na zaga kasuwa rumfa rumfa, rana na dukana, har na sami irin dardumar sak, fari da shuɗi. Na dawo na fitar da angarib ɗaya, na sauke rabin jeren kwanukana na tura ƙarƙashin gado, abin da ban taɓa tsammanin zan yi ba. Sannan na shimfiɗa ta yadda auta ta yi, daga ƙofa zuwa ƙurya. Na koma bakin ƙofa na duba. Kai! Ɗakina ya miƙe. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Bango kuka ture?" Na ce mata iska ce ta ture shi.

Sai na je wurin Inna na ce yarana suna kewarta, ta zo ko mako ɗaya ta yi mana. Auta da kanta ta riƙo hannunta ta kawo ta har bakin zaure, don lokacin yanar ido ta rufe wa Inna gani. Haske da duhu take rarrabewa, sai abu mai ƙarfin launi.

Tana taka dardumar ta tsaya. Ta goga tafin ƙafarta a kan ratsin, gaba da baya. Sai ta ce, "Ashe ke ma kin yi mini. Allah shi yi miki albarka, ɗiyata."

Ɗiyata. Ina da 'ya'ya huɗu a lokacin, amma sai da na juya baya na yi kamar ina gyara labule. Ban ma tsaya na tambayi kaina me take nufi da "kin yi mini" ba.

Da la'asar na gane. Na shigo da jabana, gahawarta ta yamma, na tarar ta yi alwala ta tsaya tsakiyar ɗaki. Ta lalubi ratsi ɗaya da ƙafa, ta daidaita jikinta a kansa, ta fuskanci bangon ƙurya, ta ta da kabbara. A ɗakin auta bangon ƙurya shi ne alƙibla. A nawa alƙibla tana bangon hagu. Ashe sauƙin da Inna take faɗi ke nan: a can ba sai ta kira kowa ya juya ta ba, ratsin ne ke nuna mata inda za ta kalla. Ita kuma ta ɗauka duk wanda ya shimfiɗa irin wannan darduma, don sallarta ya shimfiɗa.

Kalma ɗaya ta isa. In jira ta sallame in ce, "Inna, ba nan ba ne." Amma in na faɗa, sai ta tambaye ni don me na shimfiɗa ta haka, ni kuma me zan ce? Don bango ya ja baya? Don in ƙure auta? Albarkar da na samu da hantsi ba ta ko wuni ba. Na ce a raina zan juya dardumar gobe in ta fita tsakar gida. Gobe ta yi, matan unguwa suka zo gaishe ta, suna ta "Ya salam" a ɗakina, nawa, a gaban Inna. Na ce jibi. Ni kuwa na koma yin sallata a rumfa, ina kallon inda ya kamata, uwata na ciki tana kallon wani wuri. Kwana huɗu ana haka. Ba mantuwa na yi ba, kowace salla ina sane.

Ranar Jumma'a auta ta zo da kisra, siririyar wainar dawar nan tamu, da miyar kuɓewa. Ta shigo daidai Inna na zaune a tahiyar la'asar. Ta dubi Inna, ta dubi bangon hagu, ta dube ni. Na ɗaure fuska ina jira ta buɗe baki in ci mata mutunci. Ba ta ba ni wannan damar ba. Da Inna ta shafa addu'a sai ta ce, "Inna, hau gado in kakkaɓe miki shimfiɗar ga, ta yi ƙura." Ta fita da ita ta buga sau biyu, ta dawo ta shimfiɗa ta a gicciye, ratsin na kallon bangon hagu. Dardumar ta fi faɗin ɗakin, sai da ta naɗe bakinta. Nan take ɗakina ya koma ɗan akurkin da na sani.

Inna ta sauko ta taka. Ido ne ba ta da shi, hankalinta garau yake. Ta goga ƙafa, ta juya fuskarta wajen hasken ƙofa, ta ce:

"Wanne ne daidai, na yanzu ko na ɗazu?"

Auta ta ce, "Na yanzu, Inna."

"Ba ke nike tambaya ba. Ke, kin sani?"

Na koma "ke". Na ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika zo."

Auta ta yi saurin cewa ai ta ji malamai na cewa wanda ya kuskure alƙibla bai sani ba, babu laifi a kansa. Inna ta ce, "Na ji. Ku ba ni butata."

Ta rama su duka. Salla ashirin, tsohuwar da gwiwa ke hana ta tashi sai ta dafa bango. Ta fara a ranar, ta ci gaba washegari, ta ƙi zama ta yi su, ta ƙi a riƙe ta. Ina zaune bakin ƙofa ina jin ƙarar gwiwarta duk sanda ta sunkuya. Da ta zage ni, da ta jefe ni da butar, da na ji daɗi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Da ta gama ta ƙarshe sai ta naɗe tasbaharta, ta miƙa hannu, ta kira sunan auta.

A ɗakin auta ta zauna shekara shida, a can ta rasu. Kullum ina kai mata kunu da safe, tana karɓa, tana tambayar yara. Kalmar nan ta "ɗiyata" dai ban sake jin ta ba.

Auta kuwa har yau ba ta gaya wa kowa ba, ko mijinta. Mun yi faɗa a kan akuya, a kan yara, a kan wa zai ɗauki akwatin Inna, na ba ta dalili ya fi a ƙirga, ba ta taɓa ɗauko maganar ta jefe ni da ita ba. Ni da ni ce, da tuni ƙauye ya ji. Ina ƙaunarta, Allah ya sani, amma wannan shirun nata ya fi dardumar ƙona mini rai.

Dardumar tana nan a gicciye yadda ta shimfiɗa ta, shuɗin ya koɗe, bakin da aka naɗe ya tsage. 'Yata da ke karatu a Sinja, wadda Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, duk zuwanta sai ta ce in juya ta, wai ɗakin zai fi faɗi. Nakan ce mata na sani, ta bar ta haka.